Gyaran Firiji a Gida: Inda Hannun Matashi Zai Kai da Inda Zai Tsaya

Firiji ya daɗe da barin sahun kayan ƙawa a gidajen Hausawa ya koma sahun kayan bukata, domin a gidaje da yawa shi ne ma'ajiyar miya da nama, shi ne jarin uwar gida mai sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma a cikinsa ake adana allurar insulin ta mai ciwon sukari, wadda ake son ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyas. Saboda haka duk ranar da ya daina sanyi, musamman a bazara, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yakan haura digiri 40, hankalin gida yakan tashi, kuma galibi matashin gidan ake fara kira, tun da shi ne ya saba da sukundireba, shi ne kuma yake kallon hotunan gyare-gyare a wayarsa. Wannan himma abar yabo ce, ba a kuma son a kashe ta, sai dai tana bukatar a ɗora ta a kan sani, saboda ta fuskar gyara firiji ya kasu gida biyu: akwai sashen da duk mai natsuwa da 'yan kayan aiki zai iya dubawa ya gyara a tsakar gida, akwai kuma rufaffen sashen da gas yake kewayawa a cikinsa, wanda buɗe shi ba tare da horo da cikakkun kayan aiki ba yakan jawo asarar dukiya, wani lokaci har da ta rai. Sanin iyakar da ke tsakanin waɗannan sassa biyu shi ne abin da ya fi dacewa matashi ya mallaka tun kafin ya kwance ƙusa ɗaya.

Yadda sanyi yake samuwa

Aikin firiji shi ne kwashe zafi daga cikin akwatin a fitar da shi waje, kuma dokar da yake tafiya a kanta ita ce dai wadda take sanyaya ruwan randa: duk ruwan da zai koma tururi sai ya zuƙi zafi daga abin da yake kusa da shi, shi ya sa danshin da yake tsattsafowa ta jikin randa, idan iska ta busar da shi, yake barin ruwan ciki da sanyi. A kan wannan doka ce Malam Mohammed Bah Abba, a lokacin yana malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan lambu, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Inda firiji ya bambanta shi ne yana aiki da wani sinadari wanda yake tafasa tun a cikin tsananin sanyi, wanda masu gyara suke kira gas, sannan ba ya barin tururinsa ya bi iska, yana kama shi ya mayar da shi ruwa ya sake amfani da shi. Jacob Perkins, wani injiniya ɗan Amurka mazaunin Landan, shi ne ya yi rajistar inji mai wannan tsari a shekarar 1834, kuma har yau a kan tsarin nan firijin gida yake.

Gas ɗin yana kewayawa ne ta manyan sassa huɗu da aka haɗa da bututu aka liƙe da walda. Na farko shi ne kwamfireso, wato baƙar tukunyar ƙarfen nan da ke ƙasa ta bayan firiji, wadda a cikinta akwai ƙaramin injin lantarki da famfo da man da ke shafe su, kuma aikinsa shi ne ya zuƙo tururin gas ya matse shi har ya yi zafi. Daga nan tururin yakan shiga kwandensa, wato baƙin bututun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke manne a bayan tsohon firiji, ko yake ɓoye a cikin bangon gefe a na zamani, inda yake sauke zafinsa a iskar ɗaki ya koma ruwa. Sai ruwan ya ratsa wata 'yar matata da ake kira draya, wadda take tare datti da danshi, ya kutsa cikin kafilari, wani siririn bututun jan ƙarfe wanda faɗin raminsa bai kai milimita 1 ba, kuma da zarar ya fito daga wannan matsatsi ya faɗa bututu mai faɗi sai matsin da ke kansa ya ragu nan take, ya fara tafasa. Wurin da yake tafasar shi ne ibaforeta, wato farantin alminiyam ɗin da ƙanƙara take taruwa a jikinsa, kuma a nan ne yake zuƙe zafin abinci kafin ya koma ga kwamfireso ya sake sabon zagaye.

Daga wannan bayani ake fitar da darasin da ya fi kowanne muhimmanci, wato gas ɗin firiji ba a ƙona shi, ba ya kuma raguwa saboda yawan aiki, domin a rufaffiyar hanya yake zagayawa, kuma wanda kamfani ya zuba zai iya kai firijin ƙarshen rayuwarsa. Maganar da ake yawan ji cewa "gas ya ƙare" tana nufin ɗayan abu biyu: ko dai bututu ya huje a wani wuri gas ɗin ya zurare, ko kuma mai maganar bai yi bincike ba. Idan huji ne, ƙara gas ba tare da an nemo shi an toshe ba zubar da kuɗi ne, saboda sabon zai bi ta inda tsohon ya fita. Idan kuma ba huji ba ne, an yanke lafiyayyen bututu a banza, alhali ainihin ciwon yana nan inda yake.

Gas da nau'o'insa

Ba kowane firiji ne yake aiki da gas iri ɗaya ba. Injinan farko sun yi aiki da sinadarai masu guba irin su amoniya da salfa-dayoksaid, har zuwa farkon shekarun 1930 lokacin da aka fara sayar da R-12, wanda aka fi sani da Freon, wanda ba ya kama wuta. A shekarar 1974 masana kimiyya biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa dangin wannan gas suna cinye ozon, wato shimfiɗar iskar da ke can sama wadda take tare mafi cutarwar hasken rana, kuma bayan masu bincike na Birtaniya sun ba da rahoton raguwarta a saman Antatika a 1985, sai ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a 1987 don daina ƙera su. Aka maye gurbinsa da R-134a, wanda ba ya taɓa ozon amma yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon-dayoksaid sau sama da 1,000, dalilin da ya sa a taron Kigali na 2016 aka amince a rage amfani da danginsa. Tun farkon shekarun 1990 aka fara ƙera firiji a Jamus mai aiki da dangin iskar butan, kuma a yau R-600a ne ya mamaye sabbin firijin gida, domin illarsa ga muhalli kaɗan ce ƙwarai, sai dai yana kama wuta.

Saboda shigowar kayan hannu daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko tokumbo, duka nau'o'in uku suna nan a gidajen jama'a, kuma kowanne da irin kwamfiresonsa da irin mansa, ba a kuma gauraya su. Don haka matakin farko ga matashi shi ne ya karanta takardar da ke manne a cikin firijin ko a bayansa, da wadda ke jikin kwamfireso, domin a nan aka rubuta sunan gas da nauyinsa a giram da ƙarfin wutar da injin yake bukata, da kuma ajin yanayi, wato iyakar zafin ɗakin da aka ƙera shi ya jure. Mai alamar N an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, mai ST digiri 38, mai T kuwa digiri 43, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa firijin da aka ƙera don gidajen Turai yake yin sanyi sosai a lokacin hunturu amma ya gaza a watan Afrilu, ba tare da wani abu ya lalace a jikinsa ba.

Bincike kafin kwancewa

Kafin a taɓa komai a bayan firiji wajibi ne a zare fulogi daga soket gaba ɗaya, ba a dogara da kashe makunni ko da cewa an ɗauke wuta, saboda ana iya dawo da ita a kowane lokaci, kuma wuta mai ƙarfin bolt 230 tana kisa. Ya kamata mai aikin ya tsaya a busasshen wuri da takalmin roba a ƙafarsa, ya kore yara daga wurin, ya ɗauki hoton wayoyi kafin ya cire ko ɗaya don ya san mazaunin kowacce. Firijin da jikinsa yake jan mutum idan an taɓa shi yana nuna cewa wuta tana zurarewa zuwa ƙarfen jikinsa kuma wayar ƙasa, wadda aka tanada don ta kwashe irin wannan wuta, ba ta aiki, saboda haka a kashe shi har sai ma'aikacin lantarki ya duba. Haɗa wayoyi ta hanyar murɗa su da hannu a naɗe da leda, ko cusa tsirarar waya a soket, ba gyara ba ne, domin sako-sakon haɗi yakan yi zafi, kuma bangon firiji cike yake da soso mai cin wuta. Gobarar benen Grenfell a Landan, wadda ta tashi ranar 14 ga Yuni, 2017 ta ci rayuka 72, binciken hukuma ya tabbatar da cewa ta faro ne daga matsalar lantarki a wani firiji, ko da yake kayan da aka lulluɓe ginin da su ne suka yaɗa ta.

Bincike yana farawa daga abu mafi sauƙi zuwa mafi wuya. Idan firiji ya yi shiru kuma ƙwan cikinsa bai kama ba, a gwada soket ɗin da wata na'ura, a duba fis ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku, a bi wayar don ganin ko ɓera ya ci ta. Idan wuta tana shiga amma kwamfireso yana gurnani ba ya tashi, a auna ƙarfin wutar gidan, domin raunanniyar wuta tana cikin manyan abubuwan da ke kashe kwamfireso: injin yana bukatar ninkin wutar da yake aiki da ita sau da dama a daidai lokacin tashi, kuma idan bai samu ba sai ya tsaya cik yana jan wuta har naɗin wayarsa ya ƙone. Maganin wannan shi ne sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace, wadda take jinkirta sakin wuta, da kuma guje wa ɗora firiji a kan ƙaramin janareta. Haka nan idan an ɗauke wuta aka dawo da ita nan da nan, ko aka juya daga janareta zuwa wutar gari, a jira kamar minti 5 kafin a kunna, don matsin gas ya daidaita a ɓangarorin biyu, in ba haka ba famfon zai yi ƙoƙarin tashi da kaya a kansa.

Idan kwamfireso yana aiki amma sanyin bai kai ba, wurin dubawa na gaba shi ne kwandensa, saboda zafin da bai samu hanyar fita ba yana nan a cikin zagayen. Ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo da maiƙon ɗakin girki sukan lulluɓe bututun har iska ta kasa taɓa shi, kuma share shi da burushi mai laushi sau biyu ko uku a shekara gyara ne cikakke wanda ba ya cin ko sisi. Ana son a bar tazarar kamar santimita 10 tsakanin firiji da bango, a nisanta shi daga murhu da hasken rana, kada kuma a lulluɓe shi da zane don ado, musamman irin wanda bangon gefensa yake ɗumi, domin ta nan yake fitar da zafinsa. Bayan haka sai robar ƙofa, wadda ake gwadawa ta hanyar rufe ƙofa a kan takarda a ja: idan ta zare ba tare da turjiya ba, iska mai ɗumi tana shiga ta wurin, kuma wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, ko canza ta idan ta tsage, yakan dawo da sanyi. Ruwan da yake taruwa a ƙasan firiji kuwa galibi daga toshewar 'yar kafar da ke bangon baya ta ciki ne, kuma ana buɗe ta da ruwan ɗumi da siririyar roba mai laushi. Cika firiji da ledojin ruwa masu ɗumi har su toshe hanyar iska, da sa abinci da zafinsa, su ma suna sa a zargi injin da laifin da ba nasa ba.

Kayan wuta da ake iya canzawa a gida

A gefen kwamfireso akwai wani ɗan murfin roba wanda a ƙarƙashinsa ake samun rile da obalod. Rile shi ne yake ba naɗin wayar tashi wuta na ɗan lokaci har injin ya ɗauka, obalod kuma shi ne mai gadin da yake yanke wuta idan injin ya yi zafi ko ya ja wuta fiye da kima. Alamar da aka fi sani ita ce a ji gurnani na 'yan daƙiƙu, sai ƙara "ƙat", sai shiru, sannan a maimaita bayan 'yan mintoci, kuma sau da yawa rile ne ya mutu, ba kwamfireso ba. Idan an zare shi aka girgiza aka ji ɓaraguzai suna kaɗawa a ciki, ko aka ji ƙaurin ƙonewa, to ya lalace, kuma sabo mai lamba irin tasa ba shi da tsada. A wasu injinan akwai kafasito, wato wani gwangwani mai tara wuta, wanda yakan riƙe ta ko bayan an zare fulogi, saboda haka ba a taɓa bakinsa da hannu. Babban kuskure shi ne cire obalod a haɗa waya kai tsaye don injin ya daina yankewa, domin wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne ya bar gida a buɗe ga gobara.

Wanda yake da mita mai auna turjiya, wato yadda waya take tare wucewar wuta, wadda ake lissafawa da om, zai iya sanin lafiyar kwamfireso ba tare da ya yanka komai ba. A jikinsa akwai ƙusoshi uku da ake yi wa laƙabi da C da S da R, kuma a lafiyayyen inji idan an haɗa adadin da aka samu tsakanin C da S da wanda aka samu tsakanin C da R, za su ba da adadin da ke tsakanin S da R. Idan mita ta nuna babu hanya sam tsakanin biyu daga cikinsu, naɗin ya tsinke, idan kuma ta nuna akwai hanya tsakanin ɗaya daga cikinsu da ƙarfen tukunyar, naɗin ya ƙone ya taɓa jiki, kuma a duka halayen biyu aikin ya fita daga hannun gida. Firiji mai inbata, wanda allon lantarki yake sarrafa gudun injinsa, ba shi da rile, ƙusoshinsa uku suna ba da adadi ɗaya, kuma haɗa masa wutar soket kai tsaye don gwaji yana kashe shi.

Tamostat shi ne ma'aunin da yake kunna kwamfireso idan ciki ya ɗumama ya kashe shi idan sanyi ya kai, kuma idan ya lalace injin yakan ƙi tashi ko ya ƙi hutawa har kayan lambu su daskare. Canza shi aiki ne na gida muddin an sayi irinsa kuma ba a karya siririn bututun da ke jikinsa ba. A firijin da ba ya tara ƙanƙara, ibaforeta tana ɓoye ne a bayan wani faifai, fanka tana hura sanyinta zuwa sauran sassa, sannan wata hita tana narkar da ƙanƙararta lokaci-lokaci. Idan sama yana daskarewa amma ƙasa ya ɗumama, abin zargi shi ne fankar ta tsaya ko ƙanƙara ta toshe hanyar iska. Kashe firijin a bar ƙofa a buɗe na yini guda gwaji ne mai kyau: idan sanyi ya dawo sannan ya sake ɓacewa bayan 'yan kwanaki, laifin yana ga hita ko na'urar da ke ba ta umarni, kuma gas ba shi da hannu a ciki.

Wuƙa da ƙusa

Babu ɓarnar da ta fi yawa kuma ta fi sauƙin kaucewa kamar ɓanɓare ƙanƙara da wuƙa ko sukundireba. Hanyoyin gas a jikin ibaforeta suna ƙarƙashin siririn alminiyam ne, kuma sara ɗaya ya isa ya huda su, sai a ji iska tana fita da huci, daga nan kuma ruwan ƙanƙarar da take narkewa ya samu hanyar shiga bututu. Hanyar da ta dace ita ce a kashe firiji, a kwashe kaya, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki, a bar ƙanƙarar ta saki da kanta. Idan ƙaddara ta riga fata aka huda, a zare fulogi daga soket idan yana nesa da wurin, a buɗe tagogi, a kashe duk wata wuta mai harshe, a goge wurin a rufe hujin da salatif don hana ruwa shiga, kada kuma a sake kunna injin, domin kunna shi zai zuƙo ruwan zuwa cikin kwamfireso. Irin wannan haɗari yana tattare da huda jikin firiza don kafa maƙalar kwaɗo, abin da masu sayar da ƙanƙara suke yawan yi, saboda bututun yana kwance a cikin bangon inda ido ba ya gani. Haka kuma firijin da aka kwantar a mota ko a keken ɗaukar kaya yana bukatar ya tsaya a tsaye na wasu awanni kafin a kunna, don man da ya gangara cikin bututu ya koma mazauninsa.

Inda ya wajaba a tsaya

Idan an bi duk waɗannan matakai, kwamfireso yana aiki ba hutawa amma kwandensa ba ta ɗumi, ko ƙanƙara tana kama wani ɗan lungu kawai na ibaforeta, ko an ga maiƙo a wata mahaɗar bututu, to ciwon yana cikin rufaffen zagayen, kuma a nan ne hannun gida yake tsayawa. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma dalilin tsayawar a bayyane yake idan aka duba abin da aikin yake bukata. Ana nemo huji ta hanyar matsa busasshiyar iskar naitirojin a bututu, ana toshe shi da walda, ana sa sabuwar draya, sannan a zuƙe duk iska da danshi da famfo na musamman, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya daskare a bakin kafilari ya toshe shi, kuma danshi yana gurɓata man injin har ya ci naɗin waya. Bayan haka ana zuba gas da sikeli daidai da nauyin da aka rubuta, kuma da yake a firijin R-600a nauyin gaba ɗaya bai wuce giram 150 ba, sau da yawa ma bai kai rabin haka ba, kuskuren 'yan giram yana canza aikin injin. Zubawa da kintace, ana taɓa bututu da hannu har a ji ya yi sanyi, ita ce hanyar da ake gajarta rayuwar kwamfireso.

Haɗarin jiki ya fi na aljihu girma. R-600a yana kama wuta idan ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, saboda haka kusantar bututun da bai gama fitar da shi ba da wutar walda, ko buɗe shi a rufaffen ɗaki kusa da risho, wasa da rai ne. R-12 da R-134a ba sa kamawa haka, amma idan suka haɗu da harshen wuta sukan rikiɗe su zama hayaƙi mai guba da ke ƙona huhu, kuma ruwan kowannensu idan ya fesu a fata ko ido yana daskarar da wurin nan take. Gwada huji da iskar oksijin ta masu walda haramun ne a wannan sana'a, domin haɗuwarta da man kwamfireso a ƙarƙashin matsi tana fasa tukunyar. Zuba gas ɗin girki a madadin R-600a shi ma kuskure ne, saboda gauraye ne da sinadarai masu matsi dabam, ga danshi da datti. Akwai kuma jabun gas a kasuwa, kuma a shekarar 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Brazil har ma'aikata suka mutu, bincike ya gano cewa an zuba musu jabu mai ɗauke da metil-kulorayid, wanda yake cin alminiyam ɗin cikin inji.

Abinci, lissafi da zaɓen mai gyara

Yayin da ake jiran gyara, lafiyar iyali ta fi ƙarfin tausayin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ajiye abinci mai saurin lalacewa a ƙasa da digiri 5, kada kuma a bar dafaffen abinci a zafin ɗaki fiye da awa 2, sannan hukumomin abinci na Amurka sun ƙiyasta cewa rufaffen firiji yana riƙe sanyi na kimanin awa 4 bayan yankewar wuta, cikakkiyar firiza kuma awa 48, wadda take rabi awa 24. Naman da ya narke ya ɗumama ba a mayar da shi a sake daskarewa, kuma soyawa ko shanyawa tun yana da sanyinsa, kamar yadda ake yi wa naman layya, ya fi jiran tsammani. Magunguna kuwa a kai su firijin maƙwabta ko a tambayi ma'aikacin lafiya.

Akwai lokacin da hikima take cikin barin gyaran. Tsohon firiji mai R-12 wanda kwamfiresonsa ya ƙone, ko wanda hujinsa yake cikin bango, zai iya cin kuɗin da ya kusa na wani, ga shan wuta mai yawa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa Ghana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun daga 2013. Wanda za a yar kuwa a cire masa ƙofa, kada yara su shiga wasan ɓuya su maƙale. Idan gyaran ya cancanta, sanin da matashi ya tara zai yi masa amfani wajen tantance mai gyara, domin na ƙwarai yakan karanta takardar injin, ya auna kafin ya yanka, ya nuna inda hujin yake, ya zo da famfon zuƙe iska da sikeli, ya kuma yarda ya dawo idan aikin bai riƙe ba. Wanda ya yanke hukunci tun daga bakin ƙofa cewa gas ne, ba tare da ya ɗora mita ba, a ba shi haƙuri cikin mutunci a nemi wani.

Himma ta zama sana'a

Matashin da ya ji zuciyarsa tana son ƙetare wannan iyaka yana da halastacciyar ƙofa, wato koyo a hannun masana. Kwalejojin fasaha a Nijeriya suna koyar da gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki har a zana jarrabawar hukumar NABTEB, Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yana gudanar da shirye-shiryen koyon sana'a, sannan zama a shagon ƙwararren ubangida har zuwa yaye yana koyar da abin da littafi ba ya iya nunawa. Bukatar wannan hannu tana ƙaruwa, domin asibitoci suna neman masu kula da firijin allurar rigakafi, mahauta da masu kifi da masu nono suna neman ɗakunan sanyi, kuma firiji mai aiki da hasken rana yana isa ƙauyukan da wayar lantarki ba ta kai ba. Wanda ya shiga sana'ar ya riƙe cewa yawancin masu kawo masa aiki ba su san abin da ke bayan injin ba, saboda haka kuɗin da zai karɓa da gas ɗin da zai zuba da gaskiyar da zai faɗa duk amana ce a wuyansa. Wanda kuma bai shiga ba, ya isar masa ya tsare wutar gidansu, ya share kwandensa, ya hana a kusanci ƙanƙara da wuƙa, ya canza abin da ya tabbatar ya lalace, sannan ya kira mai sani a lokacin da aikin ya kai ga bututu.